Neman kalma: me za mu kira sublimation da injin sa hoto a jikin kofi?

Salam jama'a, ina masu sana'ar sa hoto a kofi da malaman Hausa, dan Allah ku matso. Abu biyu nake so mu tsayar wa suna, shi aikin da ake ce wa sublimation da kuma injin heat press na kofi. A baki kowa sabilimeshan yake cewa, injin kuma hit fires ko kawai mashin, ana dai gane juna, amma ranar da ka zauna rubuta wa sabon yaro yadda zai saita injin sai ka ga takardar ita ba Hausa ba ita ba Turanci ba, kuma yaron ya haddace sunan amma bai san abin da ke faruwa a cikin injin ba. Wasu sun riga sun kawo shawarwari da gyare-gyare da tambayoyi a kan maganar, zan amsa su a ƙasa.

Bari in fara da abin da ke faruwan, tunda ba a raɗa wa abu suna ba a gan shi ba. A kimiyya kalmar na nufin daskararren abu ya koma iska kai tsaye ba tare da ya narke ya zama ruwa ba, irin yadda kafur ke ƙanƙancewa har ya ɓace ba ka ga ɗigon ruwa ko ɗaya ba. Tawadar aikin nan haka take. Ka buga hoton da firinta a takarda ta musamman, tawadar ta bushe, ka naɗa takardar a jikin kofi ka sa a inji, idan zafi ya kai wajen digiri 180 zuwa 200 na Salsiyas sai launin ya tashi ya zama tiriri, a daidai lokacin shafin foliyesta, wani irin roba da aka shafe jikin kofin da shi, ya yi laushi ya buɗe, tiririn ya shige, kofin na hucewa ya rufe da launin a ciki. Shi ya sa in ka shafa hannu ba ka jin tudun komai. Tun 1957 aka gano dabarar a Faransa, kuma a kan yadi aka fara, kofi daga baya ya shigo.

To ni shawarata: rinin tiriri.

Na zaɓi rini da gangan, ban ce bugu ko ɗab'i ba, saboda bugu a kan abu yake zama, rini kuwa shiga jiki yake, kuma duk wanda ya san rini ya san abu biyu ba sai an faɗa masa ba. Na farko ba kowane abu ke kama rini ba, to haka kofin tangaran na gida da ba shi da wancan shafin, ko ka kwana kana gasa shi hoton ba zai zauna ba, dishi-dishi zai fito ka goge da tsumma ya tafi. Na biyu ba a rina baƙi ya koma fari. Babu farar tawada a tsarin nan sam, duk farin da ka gani a hoton farin kofin ne da kansa, don haka kofi mai duhu ba ya yi sai in an bar masa farin fili. Tambayoyin nan biyu su ne sababbin shiga suka fi yi, sunan kaɗai ya amsa su.

Malam da ka ce a bar shi sabilimeshan tunda mun ari firinta da kwamfuta ba wanda ya mutu, na ji ka kuma ba na faɗa da aro. Amma firinta abu ne da kake gani ka nuna da yatsa, wannan kuwa aiki ne da ke faruwa a ɓoye cikin minti uku, sunan aro ba ya gaya maka komai a kansa. A ci gaba da faɗinsa wajen sayen tawada da takarda, dole ma, don abin da ke rubuce a kwalin ke nan. Wajen koyarwa ne nake so mu samu namu.

Wata Hajiya ta kawo gyaran da ya fi kowanne nauyi wallahi. Ta ce tiriri a kunnen Bahaushe ruwa ne ke tafasa, kar yaro ya ɗauka ana buƙatar danshi alhali danshi shi ne babban abokin gabar aikin. Gaskiya ne, takarda in ta sha sanyi ko kofi bai bushe ba bayan an goge shi, ruwan ne ke fara tashi ya ture launin, sai ka ga tabo-tabo ko gefen rubutu ya yi kamar ya zubo. Na duba hayaƙi a madadinsa, amma hayaƙi ƙonewa ne, nan kuma ba abin da ke ƙonewa in dai saitin daidai yake, in ka ga takarda ta yi ƙasa-ƙasa sosai tana ƙauri to ka wuce gona da iri. Tsakanin kuskuren da tiriri zai jawo da wanda hayaƙi zai jawo na fi yarda da tiriri, a ƙara jimla ɗaya wajen koyarwa cewa tiririn launi ne ba na ruwa ba, shikenan. Masu cewa tururi ko turiri duk ɗaya ne, kowa ya rubuta da bakinsa.

Wani ɗan'uwa ya kawo aikatau ɗin da ni ban ma yi tunani ba, turara. A ce na turara kofi, ko hoton bai turaru ba. Wannan na karɓa hannu biyu, ya zauna a baki kamar da ma can ana faɗa.

Yanzu injin, nan ne rigimar take.

Injin kofi ba zai yiwu ba, kowa zai ɗauka na dafa gahawa ne. An kawo injin guga, shi ma ban yarda ba, guga ana ja ne ana kai da komowa, a aikin nan kuwa motsi haramun ne, takarda ta gusa ko da kaɗan ne tana da zafi sai hoton ya fito biyu. An kawo injin gashi, kuma ta fuskar ma'ana ya yi kyau ƙwarai don gashi ya haɗa zafi da dannawa, matsalar a rubuce ne, ba ma sa alamar karin sauti, mai karatu zai ga gashi ya tafi wajen kitso, in ka ce gasa kuma ya ɗauka ana takara. Ni na fi karkata ga mamatsi, a tsarin mabuɗi da magogi da masassabi, wato abin matsewa. Mamatsin zafi ya zama sunan dangin gaba ɗaya har da shimfiɗaɗɗen nan na riguna, na kofi kuma mamatsin kofi. Wanda ya ji ya yi masa nauyi ya ce injin matse kofi, ba a ɓata ba.

Dalilina na nacewa a kan matsi shi ne cikin abu uku da ake saitawa, zafi da lokaci da matsi, shi ne wanda ba shi da lamba a allon injin, saboda haka shi ake mantawa. Zafi ka danna maɓalli, lokaci ka danna maɓalli, matsi kuwa da hannu ake murɗa noti ana gwadawa. Kuma tun injin na sanyi ake yi, kafin a kunna. Ka naɗa wa kofi takarda kamar za ka yi aikin gaske, ka sa shi, ka rufe hannun injin, in ya rufu ba ka ji komai ba ya yi sako-sako, in sai ka haɗa da ƙarfin kafaɗa ya yi yawa, za ka iya fasa kofin ko ka kashe abin zafin da ke zagaye kofin. Ana so ya rufu da ɗan ƙarfi, ka kama hannun kofin ka ga ba ya juyawa. Inda matsi bai kai ba nan launi ke fitowa fari-fari, galibi bakin sama da gindi da kusa da hannu, shi ya sa masu aikin ke barin ɗan fili a wuraren nan ba sa kai hoto har ƙarshe.

Shi abin zafin da ke zagaye kofin na ce mu kira shi ɗamara, ɗamarar zafi, tunda ɗaure ƙugun kofin take. Girma-girma ce, akwai ta kofi mai oza 11 wanda shi aka fi yi, yana cin wajen mililita 325, akwai ta mai oza 15, akwai ta mai tsukakken gindi, kar a tilasta wa kofi ɗamarar da ba tasa ba. Kuma kar a rufe ta da zafi ba kofi a ciki, tana lanƙwashewa ta mutu da wuri.

Tunda an tambaya bari in jero saitin da sababbin sunayen mu ji ko sun zauna. Ka juya hoton a kwamfuta kamar a madubi kafin ka buga, in ba haka ba rubutu zai fito a baibai. Ka goge kofi tas ya bushe, ka naɗa takardar fuskar hoton na kallon kofin, ka ja ta ta lafe ba kumburi, ka kama ta da salatif mai jure zafi, na ofis narkewa yake ya bar maka danƙo. Ka ƙara farar takarda a sama don launin da ya tsere kar ya bi ɗamara ya ɓata kofi na gaba. Ka duba allon mamatsin da kyau ko a C yake ko a F, wannan ya kayar da mutane da yawa, 200 a Faranhait bai wuce digiri 93 na Salsiyas ba, ko ruwa bai tafasa ba balle launi ya tashi. Kana sa kofi mai sanyi za ka ga lambar zafin ta faɗo, ba lalacewa ba ce, kofin ne ke shanye zafin, wasu injinan sai ta sake hawa suke fara ƙirga, wasu kuma kana rufewa suke farawa, to ka san irin naka don shi ke sa lokacin wani ya bambanta da na wani. Yawanci dai minti 3 zuwa 4 ne, amma abin da mai kofin da mai takardar suka rubuta shi ne gaba, sannan ka sadaukar da kofi ɗaya na gwaji. Baƙi shi ne ma'auni, in ya fito kore-kore ko a dushe bai turaru ba, in ya koma ruwan ƙasa ya wuce. Ka ciro da safar hannu, ka ɓare takardar a ja ɗaya tun da zafi, kar ka tsoma shi a ruwan sanyi ƙarara don tangaran na tsagewa.

Wata ta ce hotonta a takarda ya fito a dushe ko tawadar ce jabu. A'a ƙanwata, haka yake, sai ya sha zafi kalar ke tashi, kar ki yanke hukunci daga takarda. Abin da za ki tabbatar shi ne firintar, irin su Epson da ke tura tawada ba da zafi ba su ake amfani da su, ko Sawgrass da aka yi musamman don aikin, masu dafa tawada kafin su fesa ba su dace ba.

Hoton nan mai fitowa biyu in takarda ta gusa, Turawa fatalwa suke ce masa, an ce mu ma mu ce haka, ni dai inuwa ta fi min, hoton ya yi inuwa, kowa ya gane ba sai an yi bayani ba. Wanda ya gagare ni har yanzu shi ne ICC profile, ɗan fayil ɗin nan da ke daidaita kalar da ke allo da wadda tawadar da takardar za su bayar a kofi. Madaidaicin launi na rubuta amma ya yi tsawo, malamai a taimaka da wanda ya fi shi gajarta.