Musayar waƙa: tura waƙa a memori, sata ce ko talla?

Sha'irin Fagge:
Salamu alaikum 'yan zaure. Ga tawa, mai amsa ya amsa.

Da sunan Rabbu zan fara,
Ku bar ni na faɗi ba kara,
Abin da ya dame mu a bara,
Ya ci gaba bana, shi ne sata.

Mawaƙi ya kwan a situdiyo,
Ya biya mai kiɗa da mai bidiyo,
Ya biya a saka ta a rediyo,
Kwana biyu kowa ya kwashe ta.

Ka je shago ka miƙa waya,
A cika ma memori ba wuya,
Mai shago ya samu na miya,
Mai waƙa bashi ya tsananta.

Mai Memori:
Da ni kake, na ji. Karɓi.

Sha'iri share hawayenka,
Wa ya san ka bayan gidanka?
Ni na watsa baitocinka,
Har Agadas ake rerawa.

Biki in an yi a kira ka,
Kuɗin liƙi ya cika hularka,
Ka taɓa ce mini ga ladanka?
Tallan da na yi ba a sakawa.

Tun zamanin kaset ake kwafa,
Manyan 'yan kasuwar Alaba ta Legas suka kafa,
Ni ɗan ƙarami kuke jifa,
Don ɗan canjin turawa.

Ɗan Damagaram:
Kai! Mai Memori, ka gama magana. Mu nan, ba don masu turawa ba, da rabin mawaƙan Kano ba mu san da zamansu ba. Sha'iri ya nemi wurin zama.

Malam Na-Gwandu:
Ɗana Mai Memori, baitinka na uku ya karye. Ɗangon farko gaɓa 10, na biyu gaɓa 16. Wannan zube ne aka sa wa amsa-amo. Ga amsar hujjarka:

Ɗana, haƙƙi ba ya tsufa,
Ko dubu nawa ne suka kwafa,
In ka ɗau gumin wani ka dafa,
Gobe ƙiyama za a tambaya.

Malamai sun taru Kuwaiti,
Sun ce fasaha, ko da baiti,
Dukiya ce kamar ta akwati,
Mai ɗauka sai dai ya biya.

Zaman da nake nufi na Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ne a 1988, inda aka zartar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira abin kiyayewa ne a shari'a, bai halatta a taka shi ba.

Mai Memori:
Malam ka zo da ma'auninka,
Kana ƙirga gaɓa da yatsunka,
Makaɗan fada na ƙasarka,
Da wane aruli suke rerawa?

Kotso da taushi ne awonsu,
Sarki ne ke biyan ladansu,
Doki da riga ne rabonsu,
Kowa ya ji, babu mai hanawa.

Malam Na-Gwandu:
Waƙar baka daban, rubutacciya daban. Makaɗi kiɗa ne ke riƙe masa kari. Mai alƙalami kuwa, tun zamanin masu jihadi, a kan bahari, wato karin aruli, ilimin auna waƙa na Larabawa, yake ɗora waƙarsa: kamil, wafir, ramal, mutaƙarab. Tunda rubutawa kake yi, ma'auni ya hau kanka.

Ɗan Damagaram:
Allah gafarta Malam, ai kai ma “Mai ɗauka sai dai ya biya” gaɓa 8 ne, ɗan'uwansa na sama 10. Ko naka ba a ƙirgawa?

Malam Na-Gwandu:
Ƙirga ka sake. Gaɓa biyar na farkon ɗangon duk masu nauyi ne, kuma mai nauyi ɗaya takan tsaya a madadin marasa nauyi biyu. Wannan sauƙi ne da aruli ya yarda da shi. Amma babu sauƙin da zai haɗiye gaɓa shida.

Ɗan Damagaram:
Mu dai kunnenmu ne alƙali, kuma ta Mai Memori ta fi zaƙi.

Gwaggo Ta-Zazzau:
Malam a yi haƙuri, yara ku saurara.

Kun bar jaki kuna dukan taiki,
Ni tambayata tana kan aiki,
Kaset ɗin baba na cikin ɗaki,
Tsofaffin waƙoƙin makaɗanmu.

Zarensa ya fara tsinkewa,
Muryar ciki tana dushewa,
Babu shagon da ke sayarwa,
In ban kwafa ba, wa zai ba mu?

Jikana ya sa a kwamfuta,
Na tura wa dangi su ji kyauta,
Shin wannan ma sunansa sata?
Malam, Sha'iri, ku sanar da mu.

Sha'irin Fagge:
Gwaggo, ke ceto kika yi,
Ba ciniki kika buɗe ki yi,
Amma magada suna da ra'ayi,
A nemo su kafin a watsa ta.

Dokar haƙƙin mallaka da Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta bar haƙƙin waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, don haka 'ya'yan makaɗan nan suna da ta cewa. Yanzu na dawo kan mutumina.

Mai Memori, wa ya aike ka?
Talla ka yi, wa ya roƙe ka?
Ladan ka riƙe a aljihunka,
Sannan kake so a ce ka kyauta.

Liƙi ka gani kan mai rerawa,
Mai rubutawa fa, da mai kaɗawa?
Su ba a kiransu fagen rawa,
'Yar amshi ma an manta da ita.

Da ka kashe kasuwar faifai,
Mawaƙi ya rasa inda zai kai,
Sai ƙofar ɗan siyasa kawai,
Yabo yake, ko ba cancanta.

'Yar Amshi:
Allah ya saka da alheri, Yaya Sha'iri! Baitin nan na biyu ni ka yi wa. Ɗan Damagaram, yanzu wa ya nemi wurin zama?

Sau ɗaya aka biya ni a ɗaki,
Na yi amshi, na gama aiki,
Yau muryata na gidan biki,
Adaidaita ma na sakawa.

Ina ji ta a wayar maƙwabta,
Ba wanda ya san ni ce na yi ta,
Kuɗin makarantar ƙanwata,
Har yau ni ce ke ranto wa.

Mai son waƙa da gaske ya hau shafin mai ita a YouTube ko Audiomack ya saurara a can, ko kaɗan ne wani abu zai shiga hannunsa.

Ɗan Damagaram:
“Ranto wa” da “sakawa”? Malam, ina ma'aunin, ko ɓangarenku ba a taɓawa?

Malam Na-Gwandu:
Harafin ƙarshe “wa” ne a duka biyun, amsa-amo ya zauna. Ka bar yarinya.

Mai Memori:
Ku yi haƙuri da jinkiri, kwana biyu ba wuta a layinmu. Ƙanwata, maganarki ta taɓa ni. Amma ku ji:

Kun ce a hau YouTube a kalla,
Kuɗin data ya zama wahala,
Ƙauyen da sabis bai kai ba, wallah,
Memori ne kaɗai ke kaiwa.

Ku zo mu zauna da ƙungiyarku,
Ku yanka abin da zan ba ku,
Kowace waƙa da farashinku,
In na ƙi, hukuma ta zo kamawa.

Sha'irin Fagge:
Na riƙe ka a kan baitin ƙarshen nan, 'yan zaure shaida ne. Saura na shekarun baya da ka ci.

Malam Na-Gwandu:
Baiti na biyu ya tsaya da ƙafarsa, madalla. Na farko kuwa, “wallah” da ha ta ƙare, ba ta amsa “kalla” da “wahala” ba. Gyara shi.

Ɗan Damagaram:
Wa ke furta han nan in yana rerawa? Malam, ka rera mana mu ji.

'Yar Amshi:
Ku bar han nan tukuna. Yaya Sha'iri, in kun zauna kun yanka farashin, nawa ne na 'yar amshi da mai kiɗa, kuma wa zai kawo mana?