Keke mai giya ɗaya don motsa jiki: me kuka gani a titunan Zariya?

Ɗan Kwangila:
Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka taɓa haɗa keke mai giya ɗaya don atisaye ce. Keken gwanjo ne, firam na ƙarfe, wil 700, giyar baya ta lalace. Niyyar ita ce fita bayan asuba daga Kwangila, a wuce Samaru zuwa Shika a dawo. Haƙora nawa za a sa gaba da baya, kuma me ake fara canzawa?

Bakaniken Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin maganar haƙora ka juya keken ka duba ramin da shaf ɗin tayar baya yake shiga. In ramin dogo ne, a kwance, ka huta, da jan taya baya za ka ɗaure sarƙa. In gajere ne yana kallon ƙasa, taya ba ta da wurin matsawa, dole ka sa abin da zai riƙe sarƙar. Tsohuwar giyar nan da ka ce ta lalace tana iya yin aikin muddin sifirin ɗinta na da rai: a cire waya, a ɗaure sukurorinta biyu har ta tsaya daidai ƙarƙashin firiwil, wato haƙoran da ke jikin tayar baya.

Sai layin sarƙa, kuma a nan yawancin aikin yake lalacewa. Mutum ya kwance firiwil mai hawa shida, ya ɗaura mai hawa ɗaya, sai ya zauna can ciki kusa da wil, faranti, wato mai haƙoran gaba da ke jikin feda, kuma yana waje. Sarƙa ta karkace, tana ƙara, ranar da aka miƙe tsaye a kan feda ta zame. Auna daga tsakiyar firam zuwa haƙoran faranti, ka auna na baya. Su zo ɗaya, wajen milimita 42, bambancin kada ya wuce 2. Gyaransa shi ne a sauya wa washa-washan shaf wuri daga dama zuwa hagu, sannan a sake ɗaure wayoyin wil don rim ya dawo tsakiya. Wannan na ƙarshen a ba wa wanda ya iya.

Ɗaurin sarƙa: in ka danna ta a tsakiya ta motsa kamar santimita 1. A juya feda a nemi inda ta fi ɗamewa, a can ake aunawa, domin faranti ba ya cika zama da'ira sak.

Malamin Lissafi, Kongo:
Lissafin haƙora ba wuya. Raba na gaba da na baya, ka ninka da zagayen taya. Taya 700 mai faɗin milimita 32 tana cin kusan mita 2.15. Da 44 gaba, 16 baya, kowane juyin feda mita 5.9 ne. Da 44 da 18, mita 5.3. Abin lura shi ne, mai 16 da ke juya feda sau 80 a minti da mai 18 da ke juyawa sau 90 gudunsu ɗaya, kilomita 28 a awa. Na biyun zuciya da huhu ne ke aiki, na farkon cinya da gwiwa. Wanda ya fito don lafiya, 44 da 18 ya fi masa. Babban kuskure shi ne barin farantin nan mai haƙora 52 da ke zuwa da keken tsere don ya fi kyan gani. Da 16 a baya mita 7 ke nan a juyi ɗaya, tashi daga tsaye kaɗai ya isa ya taɓa gwiwa.

Na Hanwa:
Allah gafarta Malam, lissafi daidai ne, amma Zariya ba Jos ba ce. Hanyar Shika hawa da gangara ne marasa tsanani, kuma mai 18 yana ƙarewa a gangara, ƙafa tana juyawa a banza. Wanda ya yi wata biyu yana fita zai nemi 16. Firiwil ba tsada gare shi ba, a sayi biyun. A riƙe 18 don hunturu, lokacin da iska ke tare ƙirji da safe, 16 ya hau in ta lafa. Bambancin haƙora biyu yana matsar da shaf kamar rubu'in inci ne kawai, dogon rami zai ɗauka ba sai an yanke sarƙa ba.

Sirdi kuma mutanenmu suna barinsa ƙasa don ƙafa ta taɓa ƙasa a zaune. Ɗora diddige a feda tana can ƙasa, ƙafa ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba. Ciwo a gaban gwiwa yawanci sirdi ne ya yi ƙasa, a bayanta kuma ya yi sama.

Bakaniken Sabon Gari:
Tun da an ambaci hunturu: a daina tsoma sarƙa a baƙin man inji. Ƙura ta haɗu da shi ta zama yashin goge haƙori. A wanke da kananzir, ta bushe, a ɗiga mai mara kauri a kowace gaɓa, a goge na waje da tsumma har sai ba ya kama yatsa. Gwajin tsufa kuwa da rula ne: fil 24 na sabuwar sarƙa inci 12 ne cif. In ta ƙaru da 1/16 na inci a canza ta, in ta kai 1/8 ta riga ta cinye firiwil, su tafi tare. Sarƙa mai faɗin 1/8 tana hawa haƙori siriri, amma siririya mai 3/32 ba ta shiga haƙori mai kauri.

Boris ma a buɗe a duba, keken gwanjo giris ɗinsa ya daɗe da bushewa. A yawancinsu ƙwallayen boris na baya 9 ne kowane gefe masu 1/4 na inci, gaba 10 masu 3/16. Fedar hagu barayinta a juye yake, ana kwance ta ne ta inda ake ɗaure sauran.

Mai Faci, Tudun Wada:
Oga ya gama da ƙarfe, saura roba. A wajena taya ce farkon abin kashe wa kuɗi. Siririyar 23 ba ta titinmu ba ce, rami ɗaya ya matse tib da rim, sai ka ga huji biyu a jere. A sa 32 ko 35 in firam zai ɗauka, a duba iska kafin kowace fita. Gefen titi da rani tsidau ne, a bi da yatsa cikin taya kafin a mayar da tib, in ba haka ba ƙayar na nan tana jira.

A kula wajen saye. Tayar Phoenix da tsohon Raleigh ana ce mata 28, ta 700 ma wani lokaci 28 ake rubuta mata, amma ba ɗaya ba ne. A nemi lambar da ke jikin taya: 622 ita ce taka, 635 ta wancan.

Na Hanwa:
Wasu samari suna cire birki su mayar da keken wanda feda ba ta tsayawa. Tsakanin 'yan acaɓa da Keke Napep da tireloli a Kwangila, wannan ganganci ne. Birki biyu, da sabuwar roba da waya. Wanda ya nace sai irin wancan, to sai da wil mai zoben kulle na musamman, kuma ba a haɗa shi da tsohuwar giya a matsayin mariƙin sarƙa, taka feda baya sau ɗaya zai karya ta.

Ɗan Kwangila:
Na gode ƙwarai. Na duba, ramin a kwance yake, ƙaramin farantin kuma 42 ne. Malam, da 42 ɗin nawa ya dace a baya?

Malamin Lissafi, Kongo:
17. Raba ka gani, 2.47 ne, kusan daidai da 44 da 18. In 17 ya yi wuyar samu ka fara da 18, sannan 16.