Neman ƙarin haske kan karanta METAR da TAF a lokacin hunturu

Ɗalibin Tuƙi ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina shirin jarrabawar ilimin yanayi ta masu koyon tuƙin jirgin sama, kuma akwai wurin da ya shige mini duhu. An ba mu wannan misali na rahoton yanayin filin jirgi domin atisaye: METAR DNKN 151200Z 06012KT 1500 DU NSC 27/M01 Q1016 NOSIG. Tare da shi akwai TAF na filin guda, wanda ya nuna 3000 HZ, wato nisan gani mita 3,000 cikin hazo, amma a ƙarshensa an rubuta TEMPO 1606/1610 0800 DU. Na san DNKN shi ne filin jirgin Malam Aminu Kano, sai dai ban gane dalilin da rahotannin biyu suka saɓa a kan nisan gani ba, kuma ban san wanne ya kamata matuƙi ya dogara da shi ba idan zai sauka Kano da safe.

Mai Duba Yanayi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Rahotannin ba su saɓa ba, aikinsu ne ya bambanta. METAR labarin abin da aka gani aka auna ne a filin a wani lokaci takamaimai, TAF kuwa hasashen abin da ake sa ran zai faru ne, ana fitar da shi duk bayan awa 6, yana ɗaukar awa 24 ko 30. A Najeriya hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ce ke fitar da duka biyun.

Bari mu bi misalinka daki-daki. 151200Z yana nufin ranar 15 ga wata, ƙarfe 12:00 agogon duniya, wato ƙarfe 1:00 na rana a Kano, domin agogonmu yana gaba da awa ɗaya. Ɗalibai da yawa a nan suke fara tuntuɓe. 06012KT iska ce da ke tasowa daga digiri 60, wato arewa maso gabas, da gudun mil 12 na teku a awa, kuma wannan ita ce iskar hunturu da kowa ya sani. 1500 nisan gani ne da mita, DU kuwa ƙura ce da ta game sararin sama. NSC na nufin babu gajimare mai muhimmanci ga tashi da sauka. Ka lura da 27/M01 da kyau: zafin iska digiri 27 ne, amma sai ta huce zuwa digiri ɗaya ƙasa da sifili kafin raɓa ta sauka. Wannan tazara mai faɗi shaida ce cewa iskar a bushe take ƙayau, saboda haka abin da ya rage gani ƙura ce, ba hazon ruwa ba. NOSIG ya ce ba a sa ran wani canji babba cikin awa 2 masu zuwa, ba fiye da haka ba.

Tsohon Matuƙi ya amsa:

Malam ya warware maka haruffan, ni kuma zan tsaya a kan TEMPO ɗin nan, domin shi ne zuciyar tambayarka, ƙanena. Ma'anarsa ita ce tsakanin ƙarfe 6:00 da 10:00 agogon duniya na ranar 16, nisan gani zai riƙa faɗuwa zuwa mita 800 lokaci-lokaci, kowane karo bai kai awa ɗaya ba, kuma jimillar lokutan ba ta kai rabin wa'adin ba. Mai karatu a aji yakan ɗauki wannan abu mai wucewa, amma jirgi ba ya buƙatar fiye da 'yan mintoci a matakin ƙarshe na sauka, kuma ba ka da tabbacin cewa mintocinka ba za su faɗa cikin mummunan lokacin ba. Don haka idan lokacin isarka ya shiga wa'adin TEMPO, ka yi lissafin manka da filin da za ka karkata zuwa gare shi kamar mita 800 ɗin ce za ka tarar. Sannan ka karanta TAF na filin karkatar da irin wannan natsuwa, saboda ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi ba Kano kaɗai take rufewa ba, takan lulluɓe Katsina da Kaduna da Maiduguri a rana guda, wani lokaci har Abuja.

Akwai kuma abin da takarda ba ta faɗa. Nisan ganin da ke cikin METAR a ƙasa ake auna shi, a miƙe. Kai kuwa daga sama kake kallo a karkace, ta cikin ƙura mai kauri. Na sha ganin ƙasa tar a ƙarƙashina ina bisa filin, amma da na juyo na daidaita da titin sauka sai komai ya zama fari fat, musamman idan rana tana gabana. Tun daga lokacin ban ƙara yarda da cewa ganin rufin gidaje daga sama yana nufin zan ga titin ba.

Ɗalibin Tuƙi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Ranka ya daɗe Kyaftin, saura Q1016. Idan na manta ban sauya shi ba bayan na taso daga wani fili, mene ne girman kuskuren?

Tsohon Matuƙi ya amsa:

Q1016 nauyin iska ne da za ka sa a ma'aunin tsayi domin ya nuna maka tsayinka daga doron teku. Idan ka sa shi daidai kana ƙasa a Kano, ma'aunin zai nuna ƙafa 1,560 da 'yan kai, wato tsayin filin. Kowane maki ɗaya na bambanci yana daidai da kusan ƙafa 30. Idan ka baro wurin da ake da 1016 ka isa inda ake da 1008 ba ka gyara ba, ma'aunin zai nuna kana sama da inda kake da kimanin ƙafa 240, alhali ƙura ta hana ka ganin ƙasa balle ka gane kuskuren da ido. Shi ya sa ake maimaita wa hasumiya, wato masu kula da tashi da saukar jirage, adadin da ta ba ka, lamba bayan lamba.

Mai Duba Yanayi ya ƙara da cewa:

Tunda jarrabawa ce a gabanka, kada ka tsaya a hunturu kaɗai. Da damina za ka ga TS, wato hadari mai tsawa, da CB, wato gajimaren da ke kawo irin wannan hadari, a jikin rahoton gajimare, kamar FEW030CB, wanda ke nufin gajimaren ya rufe kashi 1 zuwa 2 cikin 8 na sama a tsayin ƙafa 3,000 daga filin. Ƙarancin kason kada ya ruɗe ka, domin hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa a jere, da iska mai ƙarfi a gabansa, kuma yakan iso tsakanin METAR ɗaya da na gaba. Idan haka ta faru ana fitar da rahoto na musamman mai suna SPECI, kuma kana iya jin sabon yanayin daga bakin hasumiya kafin ka gan shi a rubuce.