Neman kalma: me za mu kira "sharpening" a gyaran ɗanyen hoto?

Mai studiyo, Sabon Gari: Jama'a, ina koya wa yarana gyaran hotunan Hawan Daushe, na maƙale a kalma ɗaya. RAW dai, wato hoton da kyamara ba ta gyara ba, mun ce masa ɗanyen hoto, ta zauna. To sharpening fa, maɓallin nan na manhajar gyaran hoto ta Lightroom da ke sa hoto ya fito sosai? Ni "wasawa" nake cewa, kamar wuƙa.

Ɗalibi, Samaru: Yallabai, a baki ta yi, a rubuce ne matsalar. Ka rubuta "wasa hoto", mai karatu ya ɗauka wasa ake yi da shi. Me zai hana "washewa", yadda gari ke washewa bayan hazo?

Mai studiyo: A'a, ɗana. Washewa alkawari ce da maɓallin ba ya cikawa. In ka kuskure saiti, fuskar mahayi ta fito dishi-dishi, ko ka ja shi har ƙarshe ba za ta dawo ba. Ɗanyen hoto yana fitowa da ɗan laushi ne domin kowane ɗigo na idon kyamara launi ɗaya yake gani, ja ko kore ko shuɗi, tsarin da Bryce Bayer na Kodak ya yi wa rajista a 1976. Sauran launukan kwamfuta ce ke cikewa da lissafi. Hoton JPEG kuwa, irin wanda aka saba gani, kyamara ta riga ta gyara abinta. Aikin maɓallin kawai, ya nemo inda fari ya haɗu da duhu, kamar bakin rawani da bango, ya ƙara wa wannan haske, wancan duhu.

Mai ɗaukar hoton biki, Tudun Wada: To ai kwalli ke nan, Malam! Ba ya ƙara wa ido gani, gefensa yake fitarwa. Ka zizara, aikin zaren alkyabba ya fito ɗaya-ɗaya. Ka rambaɗa, farin layi ya zagaye kunnen doki, fatar amarya ta koma kamar an watsa mata yashi. Shi ya sa nake jan Masking, maɓallin da ke tsayar da aikin a gefuna kawai, kada ya taɓa kumatu da sararin sama.

Ɗalibi: Hajiya, kwalli baƙi kaɗai yake sawa, nan kuwa har da fari.

Mai studiyo: Ka yi gaskiya. A takardar yara zan rubuta "ƙarin kaifi", domin ko wanda bai taɓa buɗe Lightroom ba zai gane. Amma zizarawa da rambaɗawa na karɓe su, Hajiya. Yanzun nan na ce wa ƙaramin ai ya rambaɗa, bai tambaye ni ba ya rage maɓallin zuwa 40.