Gidanmu na gado a Fagge ginin Kwarori ne: mu sayar a rushe ko mu riƙe?

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar mana tsohon bene a Fagge, kusa da Kantin Kwari: kantuna a ƙasa, ɗakunan kwana da baranda a sama, sito a baya. Wani Kwara ɗan Labanan ne ya gina shi tun zamanin cinikin gyaɗa. Baba yaron kantinsa ne, daga baya ya sayi gidan a shekarun 1970. Yanzu wani ɗan kasuwa ya taya, zai rushe ya yi filaza. Yayanmu da ƙannena mata biyu sun amince, ni da Hajiyarmu ba ma so. Yaya ya ce tarihin Kwara ne, ba namu ba. Shin gidan yana da darajar da ta kai a tsaya masa, ko kuwa son zuciyata ne?

Malamin tarihi: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Da girmamawa, Yaya bai duba da kyau ba. Layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kasuwa, baƙin 'yan kasuwa suka kwararo. Turawan mulki suka yanka wa Kwarori filaye a Fagge ta Kudu, wajen ganuwa. A takardun lokacin 'yan Siriya ake kiran su, don Labanan ba ta sami 'yancin kai ba sai 1943. Suna sayen gyaɗa da fata da ƙirgi, suna sayar da yadi da atamfa, kuma daga kantunansu Kantin Kwari ta tsiro. Har yau ga titin Beirut nan. To su wa ke yi musu awo, da dillanci, da dako, da tsaron kanti? Iyayenmu ne. A 1972 gwamnatin Gowon ta yi dokar mayar da wasu harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa, kuma lokacin da ka ce Baba ya saya ya yi daidai da wannan zamani. Ka ga ke nan benen naku shaida ne na yadda yaron kanti ya zama maigida. Ai Gidan Ɗan Hausa ma Bature ne ya zauna a ciki, Hanns Vischer, amma Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar Kano ce ke riƙe da shi yau.

Hajiya mai atamfa: Malam ka yi bayani, amma tarihi ba ya biyan kuɗin makaranta. Ɗana, ka tambayi ƙannenka halin da suke ciki a gidajen aurensu? Wataƙila wannan kason shi ne jarin da suke jira. Na yi haya a irin waɗannan gidaje, damina ta zo yoyo, wayoyin wuta sun tsufa, kullum gabanka na faɗuwa saboda gobara. Mai son tarihi ya sa hannu a aljihu.

Almajirin fiƙihu: Maganar Hajiya tana kan hanya. Gado haƙƙi ne, bai halatta ka tsare rabon wani don kana ƙaunar gini ba. A kira masu ƙima amintattu su yi wa gidan kuɗi, a fitar wa mahaifiyarku tumuninta, wato kashi ɗaya cikin takwas, sauran a raba, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Idan kai da ita za ku iya fansar kason sauran, shi ke nan. Sannan a mazhabarmu ta Malikiyya akwai shuf'a: in abokin tarayya ya sayar wa bare kasonsa kafin a raba, kana da ikon karɓa a kan kuɗin da aka saya. Amma fa da kuɗi, ba da baki ba.

Injiniya: Kafin komai, ɗauko takardun. A duba ko an mayar da sunan Baba a takardar mallaka, da ko wa'adinta bai ƙare ba, don filayen wancan zamani na adadin shekaru ake bayarwa. Sai a kawo wanda zai duba harsashi da dakalin sama. In ginin yana da ƙwari, akwai hanya ta tsakiya: a bar fuskar benen da barandarsa, a sake waya da rufi, a rushe siton baya a yi sababbin shaguna da izinin hukumar tsara birane. Haya a wannan yanki ba wasa ba ce, kowa zai riƙa samun rabonsa duk shekara. Kada kuma ka ɗora rai a kan Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Ba kowane tsohon gida take ayyanawa ba, kuma in ta ayyana, ba ku da ikon taɓa ginin sai da yardarta. Yaya zai ƙara fushi ne kawai.

Malamin tarihi: Ko da sayarwar ce ta tabbata, a ɗauki hoton kowane lungu, a auna, a naɗi muryar Hajiyarku tana ba da labarin gidan. Rasitai da littattafan ciniki kada a ba 'yan gwangwan ko masu ƙosai. Sashen Tarihi na Jami'ar Bayero ko Arewa House a Kaduna sun san amfaninsu.

Mai neman shawara: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Yaya duka, ya yarda a jira injiniya da masu ƙima. A siton akwai akwatin ƙarfe cike da littattafan lissafi, rabi da rubutun Larabci na hannu. Wa zai iya karanta mana?

Almajirin fiƙihu: Turo hoton shafi biyu mu gwada.

Hajiya mai atamfa: Ku karanta, amma a sa wa'adi. Kada 'yan matan nan su ga wata daminar ba a ba su ko sisi ba.