Tambaya: an ce "mara launi" ne, amma shunayya nake gani

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi madubin hangen nesa a nan Jidda don duban jinjirin wata, faɗin bakin madubin milimita 80, f/5 (wato nisan da gilashin ke tattara haske ya ninka faɗin bakin sau biyar). An rubuta "akromat" a kwalin, wato mara launi a Girkanci. Amma da na saita shi kan Zara, sai ga zoben shunayya kewaye da ita, gefen wata ma haka. Na yi ta murɗa saiti, ko gezau.

Wani malami ya ce a wurin masu sana'ar, akromat gilasai biyu ne da ke haɗa ja da shuɗi kaɗai a wuri guda. Mai haɗa launi uku "afokromat" ne, kuɗinsa kuwa sai mai hali. Haka ne? Ko nawa ne mai lahani, in mayar wa mai shago? Kuma f/5 ɗin yana ƙara shunayyar?