Ranar da aka kayar da mu: kowa ya kawo tasa

Tsohon Ejan:
Salamu alaikum. Jiya ina kakkaɓe akwatin takardu na ci karo da katina na ejan na zaɓen 2015, har da igiyar ratayawa a wuya. Ni ɗan lema ne, wato PDP, a Jigawa, kuma a rumfarmu ranar 28 ga Maris ƙuri'u goma sha ɗaya muka samu. Na ƙirga da kaina: ni, matata, ƙannena biyu, ragowar bakwai har yau ban san su ba. Malamin zaɓe yana ɗaga takarda yana cewa "APC", yara na amsawa da "Sai Baba", ni kuwa ina tsaye da biro kamar mai gadin gawa.

Amma ba ranar ce ta fi min ciwo ba. Talata 31 ga wata muna shagon kallo, Orubebe, wakilin PDP, ya ƙwace makirufo a zauren tattara sakamako a Abuja yana ta yi wa Farfesa Jega, shugaban hukumar zaɓe na lokacin, hayaniya. Wallahi a lokacin zuciyata ta ɗan yi sanyi, na ce to, ashe manyanmu ba za su bari ba. Kafin magariba sai ga labari Jonathan ya kira Buhari ya taya shi murna, tun ba a gama sanarwa ba. Jam'iyyar da wani shugabanta ya taɓa cewa za ta yi shekara 60 tana mulki, a 16 ta tsaya. Na koma gida ta bayan layi. Ku fa, yaya taku ta kasance?

Maman Biyu:
Wa'alaikumus salam Malam. Ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Ni shugabar mata ce ta mazaɓa a wannan shekarar. Bayan an faɗi na shugaban ƙasa aka ce mu kwantar da hankali, na gwamna da 'yan majalisar jiha daban ne. Muka yarda. Ranar 11 ga Afrilu tun da rana muka ɗora tukwane uku na dafa-duka, an yanka awaki biyu, duk don murnar ɗan takararmu na majalisa. Ƙarfe tara na dare wayarsa ta daina shiga. Shinkafar nan almajirai muka kira suka kwashe, su ma har da tsokana, wai "Hajiya, ta jaje ce?"

Atamfar anko mai hotonsa kuwa, turmi huɗu suka rage a hannuna na waɗanda ba su biya ba. Ɗaya na yi labulen kicin da ita. Bayan wata biyu na ji a rediyo ya sauya sheƙa da "dubban magoya bayansa". Ni dai ba a tambaye ni ba, amma na san ina cikin lissafin dubban. Maƙwabciyata da muka yi wata uku ba ma gaisawa saboda shi, ita ta zo ta ba ni labarin tana dariya.

Mai Jar Hula:
Hajiya, ku naku kayen mai sauƙi ne, an kayar da ku kun sani. Mu a Kano a 2019 sai da muka yi murna tukuna. Abba Kabir Yusuf, ɗan takararmu na gwamna, na gaba da ƙuri'a wajen dubu 26, aka ce inkwankulusib, wato zaɓen bai kammala ba. Kalmar nan har tsofaffin unguwarmu suka iya ta. Aka sake a wasu rumfuna ranar 23 ga Maris, mazaɓar Gama ta zama kamar filin daga, aka ce Ganduje ya ci da ratar da ba ta kai dubu tara ba. Na yi kwana biyu ban buɗe shago ba. Hular ma ajiye ta na yi, ba don tsoro ba, kawai ba na son a yi min jaje.

Sai 2023 muka ci, kotun zaɓe ta zo a Satumba ta soke mana ƙuri'a sama da dubu 165, ta intanet ma alƙalan suka karanta hukuncin. Kotun ɗaukaka ƙara ta bi sahu. Sai 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta dawo mana da kujera. Abokina ɗan tsintsiya, wato APC, shagonmu na kallon juna, a cikin wata goma mun yi wa juna jaje sau uku. Yanzu ko ni ko shi, in aka ce an ci zaɓe sai mu ce a bari a ji daga kotu.

Baba na Tudu:
Yarana, ina karanta ku ina murmushi, amma bari in sa muku abin da ba na dariya ba. A 2011 ina Kaduna, ɗan CPC, jam'iyyar Buhari ta lokacin, ne ni na gidi. Mun kasa, mun tsare, mun raka, muka tabbata a ranmu mun ci, domin duk inda muka duba mu ne. Abin da ba mu lissafa ba shi ne ƙasar ba a Zariya ta tsaya ba. Da sakamakon kudu ya fara shigowa sai samari suka fita. Da idona na ga an cinna wa gidan wani mutum wuta don kawai an san shi da lema, mutumin da muke sahu ɗaya da shi a masallaci. Daga nan abin ya juye ya zama na addini, aka yi ɓarna a Zonkwa da Kafanchan, aka sa dokar hana fita dare da rana. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce sama da mutum 800 suka mutu a arewa cikin kwana uku.

Don haka Malam Ejan, wayar da ta ɓata maka rai a 2015, ni ranar na yi sujada. Iyalina na riga na tura su ƙauye tun ana saura mako zaɓe.

Tsohon Ejan:
Gaskiya ne Baba. A lokacin dai haushi ya hana ni gani.

Ɗan Zango, Kumasi:
Gaisuwa daga Ghana. Abin dariya, a nan lema ce ta kayar da mu, don ita ce alamar NDC, mu 'yan giwa ne, wato NPP. Tun 1992 babu jam'iyyar da ta wuce shekara takwas a jere, mu muka ce za mu karya takwas ɗin da Bawumia a 2024. An yi zaɓe Asabar 7 ga Disamba, Lahadi da safe mutumin ya fito talabijin ya ce ya kira Mahama ya taya shi murna, hukumar zaɓe ba ta ce komai ba tukuna. Ina cin waakye, shinkafa da wakenmu, labarin ya same ni. Faɗan bai fita titi ba a wajenmu, a cikin gida ya tsaya: wasu na cewa tsadar rayuwa da faɗuwar sidi, wasu na cewa 'yan jam'iyya ne suka ƙi fitowa. Ƙanena yana cikin waɗanda suka ƙi fitowar, kuma shi ya fi kowa surutu.

Badamagare:
Mu a Nijar a 2021 da aka ce Bazoum ya kayar da Nafarko, wato Mahamane Ousmane, a zagaye na biyu, an yi ƙone-ƙone a Yamai, aka katse intanet wajen kwana goma. Ko wurin da mutum zai huce haushinsa babu. Fada muka koma, ana shan shayi ana lissafin ƙuri'u a ƙasa da tsinke.

Maman Biyu:
Malam Ejan, ban ji ka faɗi ko an biya ka kuɗin ejan ɗin ba.

Tsohon Ejan:
Rabi aka ba mu da safe, Hajiya, aka ce cikon sai an kai takardar sakamako ofis. Da na je washegari ofishin a kulle, mai gidan har ya fara shafe lemar da ke jikin bango da farar ƙasa. Takardar tana nan, tare da katin na same ta jiya, goma sha ɗayan ba ta goge ba.